Yadda Ake Haɗa Ruwan Farin Inabi Marar Maye a Gida, Bisa Tsarin Gonakin Kwarin Isarko

Tun da na taɓa ambatar gonakin inabi na kwarin Isarko, can arewacin Italiya daf da iyakar Ostiriya, tambaya guda ce masu karatu suke ta maimaita mini: ko akwai yadda mutum zai samu ɗanɗanon nan na farin inabi, mai ƙamshi da ɗan tsami-tsami, ba tare da ya kusanci abin maye ba? Akwai, kuma hanyar ba ɓoyayya ba ce. A wannan kwari, kusa da garin Bressanone, akwai gidan ibadar Kiristoci na Novacella da aka kafa a 1142, wanda har yau yake noman farin inabi irin su Sylvaner da Kerner a gangaren duwatsu masu tsayin mita 600 zuwa 900. An san farar giyar yankin da ɗanɗanon ɗanyen 'ya'yan itace, domin akasarinta a tankin ƙarfe ake sarrafa ta, ba a gangar katako da ke sa mata ƙamshin itace ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk aikin da suke yi daga tsinkar inabi har zuwa tacewa aikin ruwan inabi ne zalla, babu ɗigon barasa a cikinsa. Sai bayan an tace hanya take rabuwa biyu: mai giya ya bar yis ya cinye sukarin da ke cikin ruwan ya mai da shi barasa, mai ruwan inabi kuwa ya ɗora shi a wuta ya kashe yis ɗin tun bai fara aiki ba. Hanya ta biyun za mu bi, kuma duk ma'aunin da ke ƙasa na kilo 10 ne na inabi.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun daga farko, domin shi ne yake bayyana dalilin kowane mataki. Mutanen kwarin suna da sanyin tsauni kyauta, mu kuwa sai mun saye shi da ƙanƙara. Zafi yana tayar da yis, iska tana mai da farin ruwa launin shayi, kuma dukansu biyu suna fara ɓarna ne daga lokacin da ɓawon inabi ya fashe.

Kayan aiki

Ana buƙatar sikeli, da baho biyu, da bokiti mai murfi na robar abinci, da rariya, da sabon ƙyallen tatar koko guda biyu, da mazurari, da siririn tiyo mai gani-har-hanji tsawon mita ɗaya da rabi. Sai tukunyar ƙarfe marar tsatsa da za ta ɗauki lita 8, da wata babbar tukunya mai zurfi da kwalabe za su nutse a cikinta, da ma'aunin zafi na girki wanda yake kaiwa digiri 100. Sai kwalaben gilashi da sababbin murafu, da garin bitamin C, da lemon tsami, da ƙanƙara mai yawa tare da kula babba idan ba a da tabbacin wutar lantarki.

Hattara: kada ruwan inabi ya taɓa tukunyar dalma, ko tagulla, ko ƙarfe mai tsatsa. Tsaminsa yana cin waɗannan ƙarafa, ya fito da ɗanɗanon ƙarfe kuma ya dusashe launi. Babbar tukunyar da za a dafa kwalabe a ciki ita kaɗai ce za ta iya zama ta dalma, tunda ruwa kawai za ta gani. Haka nan kada a ɗauko muciyar tuwo ko ludayin miya, saboda itace yana shan ƙamshi yana kuma mayar da shi, kuma ba wanda yake son ya ji daddawa a cikin ruwan inabinsa.

Lissafin kuɗi

Injin matsa na manyan gonaki yana fitar da lita 70 zuwa 75 daga kilo 100. Hannu da ƙyalle ba sa kai haka. Daga kilo 10 a sa rai da lita 5 zuwa 6, kuma bayan an zubar da laka abin da zai shiga kwalba bai fi lita 5 ba. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: kuɗin kilo biyu na inabi shi ne kuɗin lita ɗaya, kafin a ƙara na murafu da ƙanƙara da gas ko gawayi. Inabin da ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu ko Masar yawanci a ƙaramar roba mai nauyin giram 500 yake zuwa, wato roba huɗu ce lita ɗaya, roba 20 kuma ita ce kilo 10. A ganina wannan tsada ce da ba ta dace ba sai don gwaji ko wani biki na musamman. Wanda yake kusa da gonakin inabi na ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, gefen Zariya, gara ya jira lokacin girbi ya saya a bakin gona. Ma'aunin zafi da tukunya sau ɗaya ake sayensu, murafu ne kaɗai ake sabuntawa a kowane zagaye, kuma nan ne bai kamata a yi rowa ba.

Mataki na 1: Zaɓen inabi

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ko ayaba ba. Yadda aka sare shi daga jikin itacensa haka zai zauna har ya lalace, don haka a ɗanɗana kafin a biya kuɗi. A ɗauki ƙwaya ɗaya daga saman nonon inabin, a ɗauki wata daga can ƙarshensa, domin ba lallai su nuna tare ba. Abin da ake nema shi ne zaƙi wanda tsami bai gama barinsa ba. Inabin da ya yi zaƙi zau kamar zuma yana da daɗin ci, amma ruwansa yakan gundure mutum tun bai kai rabin kofi ba, shi ya sa masu yin ruwan inabi suke tsinka da wuri kaɗan fiye da masu yin giya. Wanda yake da na'urar auna zaƙi ya nemi tsakanin 16 da 19 a ma'aunin Brix.

A duba tsinken da ke riƙe da ƙwayoyin. Idan kore ne kuma yana lanƙwasuwa, inabin sabo ne. Idan ya bushe ya yi ruwan ƙasa kuma ƙwayoyi suna zubewa da an ɗaga nonon, ya daɗe a hanya. Farin ƙurar nan da ke jikin ɓawo ba datti ba ce, kakin da inabin yake fitarwa ne da kansa.

Ba dole sai farin inabi ba. Launin baƙin inabi a ɓawo yake, tsokar cikinsa fara ce a kusan dukkan ire-irensa, don haka idan aka matse shi nan take ba a bar ruwan ya kwanta da ɓawon ba, zai fito fari ko kuma da ɗan jaja-jaja.

Hattara: mai saye a gona ya tambayi manomi ranar da aka yi feshin ƙarshe, ya kuma tabbatar kwanakin jiran da aka rubuta a jikin maganin sun cika. Inabin waje kuma ana haɗo shi da wata takarda mai sinadarin salfa a cikin kwali don hana fumfuna, kuma wasu masu ciwon asma ba sa jure wannan sinadari, saboda haka wankinsa ya fi na kowa muhimmanci.

Mataki na 2: Sanyaya da wanki

A gonakin tsauni da hannu ake tsinka, a zuba a ƙananan akwatuna don na ƙasa kada su fashe da nauyin na sama, a kai wurin matsa ba tare da ɓata lokaci ba. A yi koyi da wannan: a saya da sassafe, kada a cusa a buhu, kada a bar shi a bayan mota cikin rana. Da an iso gida a sa shi a firij ko a kula mai ƙanƙara na tsawon awa uku ko huɗu, ko ma ya kwana. Inabin da aka matsa yana da sanyi ya fi wanda aka matsa da ɗumi riƙe ƙamshi da launi, kuma bambancin a fili yake ga duk wanda ya gwada biyun.

Sai a wanke shi nono-nono a ruwan sha mai sanyi, sau biyu, a baza a rariya ya tsane sosai. A wanke tun yana jikin tsinkensa, domin da an cire ƙwaya an buɗe mata baki, ruwan wanki ya shiga, nata ruwan ya fita.

Mataki na 3: Cire tsinke da tsince ruɓaɓɓu

Wannan aikin zama ne, yana cin kusan awa guda ga mutum biyu, kuma shi ne wanda aka fi yi wa ha'inci. A cire ƙwayoyin daga tsinke, a jefar da duk wadda ta fashe tun da daɗewa, ko ta yi laushi da ruwan ƙasa, ko take da fumfuna mai launin toka, ko take warin tsami irin na ruwan kal. Ƙwayoyi kaɗan masu fumfuna sun isa su sa wa bokiti guda warin ɗakin da ya daɗe a rufe, kuma wuta ba ta cire wannan wari. Tsinken kore kuma yana da bauri, idan aka murƙushe shi tare da inabin sai ruwan ya riƙa kama harshe.

Mataki na 4: Farfasawa

Kafin a fara, a narka ƙaramin cokalin shayi ɗaya na garin bitamin C, wanda nauyinsa kusan giram 3 ne, a cikin ɗan ruwa, a ajiye a gefe. Wannan ya yi daidai da rabin giram ga kowace lita. Idan ba a samu garin ba, ƙwayar bitamin C mai miligiram 500 guda shida da aka daka za ta yi, in dai fara ce wadda ba a sa mata launi ko ɗanɗanon lemo ba.

A zuba inabin kashi-kashi a baho, kamar kilo biyu a lokaci guda, a murƙushe da hannu mai tsabta ko da gindin kwalba, ana yayyafa ruwan bitamin ɗin kaɗan-kaɗan. Manufa ita ce kowace ƙwaya ta fashe, ba wai ta zama kunu ba.

Hattara: kada a sa a injin markaɗe. Kuskuren da ya fi yawa ke nan, kuma ni ma da shi na fara. Injin yana farfasa ƙwallayen ciki su saki ɗaci, sannan yana kaɗa iska cikin ruwan, kafin minti goma abin da ya shiga kore shar ya koma launin shayin da aka manta a kofi, da kumfa mai kauri a samansa. Ko da inabin marar ƙwallo ne, matsalar iskar tana nan.

Inabin ci, irin Thompson marar ƙwallo da ya cika kasuwa, tsokarsa tana da tauri da santsi, ba ya sakin ruwa da sauƙi kamar inabin giya. Dabarar da ta fi aiki ita ce a daskarar da ƙwayoyin a firiza, sannan a bar su su narke a cikin bokiti mai murfi. Ƙanƙarar da ta fito a cikinsu tana yayyaga tsokar, sai ruwan ya fi fita, kuma yana fitowa da sanyinsa.

Mataki na 5: Matsa, a raba ruwan fari da na ƙarshe

A shimfiɗa ƙyalle a kan rariya, a ɗora rariyar a bakin bokiti, a juye murƙusasshen inabin. Ruwan da ya tsiyaya da kansa ba a taɓa shi ba shi ne mafi kyau, ya fi haske da ƙamshi. Bayan ya daina zuba sai a tattara bakin ƙyallen a murɗa a hankali, a dakata, a kwance a motsa tuƙar, a sake murɗawa. Injinan da gonakin kwarin suke amfani da su haka suke yi: wata jakar iska ce take kumbura a cikin ganga ta danna inabin sannu-sannu, ta saki, gangar ta juya, ta sake dannawa. Matsa mai sauƙi sau uku ta fi matsa mai ƙarfi sau ɗaya fitar da ruwa.

Ruwan murɗar ƙarshe, wanda sai an sa ƙarfi yake ɗiga, a tare shi a wani kwano dabam a ɗanɗana. Yawanci ya fi duhu, tsaminsa ya ragu, kuma yana da bauri daga ɓawo. Masu sana'ar ba sa haɗa shi da na fari sai sun ɗanɗana, mu ma haka ya kamata. Idan baurin ya yi yawa a shanye shi a ranar, kada a ɓata lita biyar saboda kwaɗayin rabin lita.

A riƙa jingina bakin rariyar da jikin bokiti don ruwan ya gangara, kada ya faɗo daga sama yana kumfa. Daga fara farfasawa zuwa rufe bokiti kada ya wuce awa ɗaya.

Mataki na 6: Kwantar da laka

Ruwan da aka matsa yana fitowa da gurɓi, cike da ƙananan ɓarɓashin tsoka da ɓawo. A juye shi a mazubi mai tsawo wanda zai cika har kusa da baki, don iskar da ke samansa ta zama kaɗan, a rufe, a sa a firij awa 24 zuwa 48. Kada a motsa shi, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Idan lokaci ya cika za a ga ya rabu: sama garau mai launin ruwan zuma-zuma ko kore-kore, ƙasa kuma laka mai kaurin yatsa biyu ko uku.

Wani lokaci za a ga ƙananan duwatsu masu ƙyalli a gindin mazubin ko manne a jikinsa, kamar gishiri ko fasasshen gilashi, har suna ƙaras-ƙaras idan aka murza da yatsa. Ba gilashi ba ne kuma ba sa cutarwa. Tsamin inabi ne ya haɗu da sinadarin fotashiyam ya daskare saboda sanyi, kuma gara su fito yanzu a tace su da su fito daga baya a cikin kwalba su tsorata baƙo.

Hattara: wannan mataki sai da sanyi na gaske, ƙasa da digiri 10, kuma na firij mai digiri 4 ko 5 ya fi. A zafin ɗaki irin namu yis ɗin da ke jikin ɓawo zai iya fara aiki cikin kwana ɗaya. Idan aka ɗauke wuta, a mayar da mazubin cikin kula a kewaye shi da ƙanƙara, ana sabunta ta, ana duba ma'aunin zafi. Wanda ya san ba zai iya riƙe sanyin ba, ya tsallake wannan mataki baki ɗaya: ya tace ruwan sau biyu da ƙyalle mai ninki huɗu, ya dafa shi a ranar. Zai samu ruwa mai ɗan gurɓi da laka a gindin kwalba, amma lafiyayye. Alamomin cewa an makara su ne ƙananan kumfa masu tasowa daga ƙasa, da ɗan cizo a harshe kamar na lemon kwalba, da wari irin na ƙullin burodi da ya tashi. Idan aka ga haka barasa ta fara samuwa, kuma dafawa a digiri 80 ba za ta kore ta duka ba, sai a zubar.

Mataki na 7: Tsiyaya da gyaran ɗanɗano

A ɗauko mazubin a hankali a ɗora a kan tebur, a ajiye tukunyar ƙarfe marar tsatsa a ƙasa. A cika tiyon da ruwan sha, a toshe bakinsa biyu da yatsa, a tsoma ɗaya a cikin ruwan inabin sama da lakar, a saki ɗayan a wani kofi har ruwan farko ya fita, sannan a mayar da shi gindin tukunya. Ba a zuƙa da baki. Yayin da ruwan yake raguwa a riƙa bin sa da bakin tiyon, kuma da an ga gurɓi ya fara shiga a tsaya. Wanda ba shi da tiyo ya karkata mazubin ya tsiyaye sannu a hankali ta cikin ƙyalle, ba tare da ya mayar da shi tsaye a tsakiyar aikin ba, domin duk mayarwa tana tayar da laka.

Yanzu a ɗanɗana. Inabin tsauni yana riƙe tsaminsa saboda sanyin dare, inabin ƙasa mai zafi da inabin ci kuwa tsaminsu kaɗan ne, don haka ruwansu yakan yi salam. A gyara da ruwan lemon tsami da aka tace, babban cokali ɗaya ga kowace lita, a juya a sake ɗanɗanawa kafin a ƙara. Wannan tsamin yana kuma taimaka wa ajiya. Sukari kuwa ba a buƙatarsa, tunda litar ruwan inabi tana ɗauke da giram 150 zuwa 200 na sukarinta na asali.

Mataki na 8: Shirya kwalabe

A wanke kwalabe da sabulu da burushi, a ɗauraye, a duba bakin kowace da yatsa ko akwai tsaga ko ɓantara. A jera su a babbar tukunya da ruwa ya rufe su, a tafasa minti 10, a bar su cikin ruwan zafin har lokacin cikawa. Kwalba mai faɗin baki da murfin ƙarfe mai murɗawa ta fi sauƙin sha'ani. Kwalbar lemo ma tana yi, in akwai sababbin murafu da abin danna su.

Hattara: tsohon murfi shi ne yake ba da kunya. Robar da ke cikinsa ta riga ta lotsa, ba ta sake kamawa da kyau. Gorar roba ta ruwa ko ta lemo kuma ba ta jure zafin da ake buƙata, tana motsewa.

Mataki na 9: Dafawa

Hanya biyu ce, kuma ma'aunin zafi ne yake raba su.

Ga mai ma'auni: a ɗora tukunyar ruwan inabin a wuta matsakaiciya, ana juyawa a hankali da cokalin ƙarfe marar tsatsa don zafin ya game ko'ina, har ma'auni ya nuna digiri 80 a tsakiyar tukunyar, ba a gindinta ba. A kwashe kumfar da ta taso. A ciro kwalba mai zafi, a cika ta da mazurari har kusa da baki, a goge bakin, a rufe nan take, a kwantar da ita a gefenta minti biyar don ruwan zafin ya taɓa cikin murfin. A kula kada ruwan tukunyar ya sauka ƙasa da digiri 78 kafin a gama cika ta ƙarshe. Saboda zafin ɗakunan ajiyarmu, ni nakan ƙara da mayar da rufaffun kwalaben cikin ruwa mai digiri 80 na minti 20. Wannan hanya ita ce take barin ɗanɗanon ɗanyen inabi, kuma ita ce dalilin da ya sa na ce a sayi ma'auni.

Ga wanda ba shi da ma'auni: a dafa ruwan har ya fara alamar tafasa, a cika kwalabe masu faɗin baki da ba su wuce lita ɗaya ba, a bar sarari kamar rabin santimita, a rufe, a jera su a tukunyar ruwan zafi da ya haura kansu da santimita 3 zuwa 5, a fara ƙirga lokaci daga sa'ar da ruwan ya tafasa sosai. Ƙa'idar da hukumar aikin gona ta Amurka ta bayar ita ce minti 5 a wuraren da tsayinsu bai kai mita 305 daga teku ba, minti 10 kuma daga nan zuwa kusan mita 1,800, saboda ruwa yana tafasa da ƙarancin zafi a kan tudu. Kano da Zariya da Kaduna da Jos da Damagaram duk a rukuni na biyu suke, don haka minti 10 ne namu. Ruwan zai ɗan yi ɗanɗanon dafuwa kuma ya ƙara duhu, amma ajiyarsa tabbatacciya ce.

Hattara: a shimfiɗa tsumma a gindin tukunya kada gilashi ya zauna kan ƙarfe kai tsaye. Kada a zuba ruwa mai zafi a kwalba mai sanyi, kada kuma a ɗora kwalba mai zafi a kan siminti ko tayil, a ɗora ta kan katako ko tawul. Kuma kada a yi kintacen zafi da yatsa ko da ganin tururi. Na taɓa yin haka da wata kwalba guda da ta rage bayan na riga na kashe wuta, na ce ai ruwan da sauran zafinsa. Dare na huɗu muka ji ƙara daga ɗakin ajiya kamar an harba bindigar wasa, da safe muka tarar da gilashi har cikin buhun shinkafa, bango ya yi danƙo, tururuwa sun yi layi. Yis ɗin da ya tsira ne ya ci gaba da aiki a rufe, iskar da yake fitarwa ta rasa hanya.

Mataki na 10: Duba murfi, ajiya da sha

A bar kwalaben su huce da kansu awa 12 zuwa 24 ba tare da an taɓa murfin ba. Sannan a danna tsakiyar kowane murfi mai murɗawa: wanda ya kama zai lotsa ciki kuma ba zai yi motsi ba, wanda bai kama ba zai yi ƙas-ƙas a ƙarƙashin yatsa. Wanda bai kama ba a sa shi a firij a shanye cikin kwana biyu ko uku. Sauran a rubuta musu kwanan wata, a ajiye a wuri mafi sanyi da duhu a gidan, nesa da kicin da kuma bangon da rana take duka. A wuri mai sanyi yana kai shekara, amma a zafin bazara launi da ƙamshi suna raguwa da sauri, don haka gara a shanye cikin 'yan watanni. A mako biyun farko a riƙa dubawa, kuma ya fi kyau a jera kwalaben cikin kwali mai rufi. Duk wadda murfinta ya kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe, ko aka ga fumfuna tana yawo a samanta, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Ana shan sa da sanyi, wajen digiri 8 zuwa 10, domin sanyin da ya wuce haka yana danne ƙamshi. A yankin Tirol, inda kwarin Isarko yake, sukan surka irin wannan ruwa da ruwan soda, kuma rabi da rabi ya fi kashe ƙishirwa, musamman lokacin buɗe baki. Mai ciwon sukari ya tuna kofi ɗaya na wanda ba a surka ba yana da sukarin da ya kai na lemon kwalba ko ya fi. Bayan an buɗe kwalba sai firij, kuma kada ta wuce kwana uku. Wanda kuma yake da niyyar sayarwa a Najeriya, ba don shan gida kawai ba, sai ya nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kafin ya manna takarda a jikin kwalba ya kai shago.